Neman Yoyo a Bangon Wata Tsohuwar Motar Tafi-da-Gidanka a Arewacin Ingila

Motar da wannan nazari ya shafa irin wadda ake kira tafi-da-gidanka ce, wato mota mai ɗauke da ɗaki a bayanta, da gado da kicin da banɗaki da tankin ruwa, wadda iyalai a Turai da Amurka ke fita hutu da ita suna kwana a ciki. An ƙera ta a farkon shekarun 2000 a kan gindin Fiat Ducato, samfurin da aka riƙa yi daga 1994 zuwa 2006 a masana'antar Sevel da ke Atessa a Italiya. Inji da shasi da kan motar ba su da hannu a matsalar da za a bayyana. Ɗakin da aka ɗora a baya aikin wani kamfani ne daban, kuma a jikinsa ne ruwa ya samu ƙofa.

Mai motar dattijo ne da ya yi ritaya, yana zaune a Lancashire a arewa maso yammacin Ingila. Ya saye ta a hannun wani a farkon lokacin zafi, tare da sabuwar takardar gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota da dokar Birtaniya ta tilasta, kuma wannan takarda ce ta kwantar masa da hankali, alhali gwajin MOT birki da fitilu da tayoyi da hayaƙi da tsatsar shasi yake dubawa, ba ruwansa da bangon ɗaki. Binciken ɗakin, wanda ya ƙunshi gas da lantarki da danshi, aiki ne daban da ake biya a yi a wuraren gyara, doka ba ta tilasta shi ba, kuma motar ta daɗe ba a yi mata shi ba.

A watan Nuwamba ne alamu suka bayyana. Da farko warin fumfuna ne ke tarbar mutum idan ya buɗe ƙofa. Daga baya wani tabo mai duhu, faɗin tafin hannu, ya fito a ƙarƙashin tagar hagu kusa da kujerun cin abinci, ledar da ke lulluɓe da bangon ta yi ƙananan ƙuraje a wurin, kuma da dattijon ya danna da babban yatsa sai bangon ya lotsa, bai dawo ba. Ya ɗora laifin a kan tagar, ya sayi silikon zai shafe gefenta. Abin da ya hana shi, ya lura cewa wani ya riga shi: akwai tsohon silikon kewaye da tagar, ya yi rawaya, gefensa ya ɗaga. Idan an taɓa shafawa kuma ruwa bai daina ba, babu dalilin da zai sa shafawa ta biyu ta yi abin da ta farko ta kasa. Sai ya kira wani mai gyaran irin waɗannan motoci da ke zuwa har gida.

Yadda aka gina bangon

Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san abin da ke cikin bangon. Kaurinsa duka bai wuce santimita 3 ba. Daga waje akwai fallen alminiyam da bai kai kaurin milimita 1 ba, a tsakiya akwai firam na katako mai taushi wanda aka cike ramukansa da farar kumfar nan da ake kare kayan lantarki da ita a cikin kwali, daga ciki kuma akwai filawud mai kaurin kamar milimita 3 da aka lulluɓe fuskarsa da leda mai ado. An manne ukun da gam suka zama abu ɗaya, kuma ƙarfin bangon daga wannan mannewar yake. Inda bango ya haɗu da rufi an ɗora wata doguwar damarar alminiyam, a ƙarƙashinta danƙo marar bushewa, aka ɗaure ta da sukurori masu yawa da suka huda fallen suka shiga katako, sannan aka rufe kawunansu da siririyar roba. A gaba kuma, saman mazaunin direba, akwai goshi na fayiba da ke rufe gadon sama, wanda ya haɗu da rufin alminiyam a wani layi da ya ratsa motar daga hagu zuwa dama.

Wannan gini yana da sauƙin nauyi, yana kuma riƙe ɗumi, amma yana da aibi guda babba. Alminiyam a waje da leda a ciki duk ba sa barin tururi ya wuce, saboda haka ruwan da ya shiga tsakaninsu ba shi da hanyar fita. Ɗigon da a ginin bulo zai bushe cikin kwana biyu, a nan yana iya zama watanni. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katako kuma suna fara aiki ne idan danshinsa ya haura kamar kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka. Ga ruwan kuma ba kaɗan ba: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, rufin motar ya kai kamar murabba'in mita 12, kuma wurare da yawa a wannan yanki na Ingila suna samun kusan milimita 1,000 a shekara, wasu ma fiye. Ke nan kimanin lita 12,000 ke sauka a kan rufin duk shekara. Ko cokali ɗaya ne yake shiga a kowane ruwa, in dai ba ya fita, ya isa ya kashe bango.

Ruwa iri uku

Mai gyaran bai fara da tagar ba, bai ma hau rufi ba. Ya fara ne da tantance wane ruwa ake magana a kai, domin a irin wannan mota ruwa uku ne ke iya jiƙa bango: na sama da ke shigowa daga waje, na bututun cikin motar, da kuma tururin cikin ɗaki da ke komawa ruwa idan ya taɓa wuri mai sanyi. Maganin kowannensu daban ne, kuma a wannan motar duka ukun aka samu, abin da ya kusa ɓatar da binciken.

Ya cika tankin, ya kunna injin tura ruwa mai aiki da batirin bolt 12, ya buɗe kowane famfo har iska ta gama fita, sannan ya rufe su duka ya zauna yana sauraro. Irin wannan inji yana tsayawa da kansa idan matsin ruwa ya cika, ba ya sake tashi sai matsin ya ragu. Bayan ɗan lokaci sai ya yi gurnani na daƙiƙa ɗaya ya yi shiru, can kuma ya sake. Wannan na iya nufin bawul ɗin cikin injin ne ke mayar da ruwa tanki, yana kuma iya nufin yoyo a hanya, don haka mai gyaran ya naɗa takardar goge hannu a kowace mahaɗar bututu da hannunsa zai iya kaiwa. Wadda ke ƙarƙashin wurin wanke kwanuka ta jiƙe. Mahaɗar roba ce ta bututu mai milimita 12, ta yi siririn tsagu da ido ba ya gani sai an haska fitila. Dalilin sananne ne: ruwa yana kumbura da kamar kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma duk motar da aka bari da ruwa a bututunta a hunturun Ingila tana fuskantar wannan. An canza mahaɗar cikin 'yan mintuna, injin ya daina gurnani.

Dattijon ya so a tsaya a nan, tunda an samu yoyo kuma an toshe. Mai gyaran ya nuna masa cewa wurin wanke kwanukan a dama yake, ƙasa-ƙasa, tabon kuma a hagu yake, kusan tsayin ƙugu daga daɓe, babu kuma bututu ko ɗaya a wannan bangon. Ruwa ba ya tsallaka ɗaki ya hau bango. A ganina wannan shi ne wurin da binciken irin wannan ya fi lalacewa: idan aka samu laifi na gaskiya, sai a ɗora masa duk alamun da ake gani, ko da bai isa ya haifar da su ba.

Tururi ma ya taka rawarsa. Ƙasan katifar gadon sama a jiƙe yake, kusurwoyin goshin sun yi baƙi. Mutum biyu da ke kwana a ɗaki ƙarami suna fitar da tururi dukan dare, ga girki: kilo ɗaya na gas ɗin firofen idan ya ƙone yana samar da ruwa kusan lita 1.6, kuma na murhun girki a cikin ɗakin yake tsayawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, dattijon ya manne ramukan shan iska na tagar rufi da salatif saboda sanyi. An cire salatif ɗin nan take, kuma ba don danshi kaɗai ba. Waɗannan ramuka an bar su a buɗe ne da gangan domin kada iskar guba ta kabon monoksayid ta taru, kamar yadda aka bar wasu a daɓe domin gas, wanda ya fi iska nauyi, ya samu hanyar zubewa waje idan ya tsiyaya. Wanda ya toshe su yana neman maganin danshi ya sayi haɗarin da ya fi danshi.

Domin a raba tururi da ruwan cikin bango, an manna guntuwar leda mai haske a kan tabon, aka rufe gefunanta huɗu, aka manna wata a bangon goshin, aka bar su kwana biyu. Ta goshin ta yi raɓa a fuskar da ke kallon ɗaki. Ta tabon kuwa a bayanta ne raɓar ta taru, ta ɓangaren bango, inda ledar adon ta riga ta tsattsage. Ruwan tabon daga cikin bangon yake fitowa.

Bin sawun ruwan

Na'urar auna danshi da aka yi amfani da ita mai allurai biyu ce, tana auna yadda lantarki ke ratsa katako tsakaninsu, domin jiƙaƙƙen katako ya fi busasshe barin lantarki ya wuce. Ƙa'idar da wuraren gyara a Birtaniya suka saba bi ita ce, idan danshin katako yana ƙasa da kashi 15 cikin 100 babu damuwa, daga 15 zuwa 20 a sake dubawa bayan 'yan watanni, daga 20 zuwa 25 alama ce ta farko, daga 25 zuwa 30 ruwa na shiga, abin da ya haura 30 kuma akwai yiwuwar katakon ya fara lalacewa. Na'urar tana yin ƙarya idan allura ta taɓa kan sukuru ko wani ƙarfe, ko idan fuskar bangon ta yi raɓa, shi ya sa aka bar tagogi a buɗe yini guda kafin a auna, aka kuma riƙa soka alluran a wuraren da ba za a ga huji ba, kamar cikin kabad da bayan robar taga.

Lamba ɗaya ba ta gaya wa mutum komai game da inda ruwa ya shigo. Abin da mai gyaran ya yi shi ne ya manna guntayen salatif na takarda a bangon hagu tun daga daɓe har silin, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu, yana rubuta lambar kowane wuri da fensir. Da aka ja baya aka kalli bangon, sai hoto ya fito. Daga tagar zuwa bayan motar da kuma kusa da daɓe lambobin ƙasa da 15 suke. Ƙarƙashin tagar sun haura 30, kamar yadda aka zata. Amma ba su tsaya a nan ba: sun hau ta gefen gaban tagar har cikin kabad ɗin sama, suka bi ƙarƙashin silin suka nufi gaba, suna nan a sama da 30 har kusurwar da goshi ya haɗu da rufi, fiye da mita ɗaya da rabi daga tabon. Da tagar ce ke yoyo, da samanta a bushe yake. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rufin kwano ya san wannan, ƙusar da ta yi huji tana can sama, ruwan ya bi katakon rufi ya zo ya ɗiga a wani gefen ɗaki daban.

Taswirar ta nuna inda za a zarga, amma zargi bai isa a kwance damara ba, don haka aka yi gwajin mesa. An yanke filawud ɗin da ya riga ya lalace a cikin kabad da ƙarƙashin tagar domin katakon firam ya fito fili, aka barbaɗa masa hoda, matar dattijon ta zauna a ciki da tocila. Ba a yi amfani da injin wanki mai ƙarfi ba, domin yana tura ruwa ta inda ruwan sama ba zai taɓa shiga ba, yana ma iya ɓalle danƙon da ke da lafiya. Ruwa ne a hankali, daga ƙasa zuwa sama, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ana tsayawa minti goma a kowane wuri sannan a ɗan jira. Dalilin farawa daga ƙasa a fili yake: idan aka fara daga rufi, ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ba za a san ta ina ya shiga ba. Ƙasan tagar bai nuna komai ba, gefunanta da samanta ma haka. Damarar, daga baya har gaba, ba ta nuna komai ba. Layin goshin ma shiru.

A nan gizo yake saƙa. An yi gwajin ne a bakin titi, a wuri shimfiɗaɗɗe, domin a can mesar ta fi kaiwa. Amma motar ba a can take kwana ba. Mazauninta wata gangara ce a gefen gidan, inda kanta ke sama, bayanta ƙasa, tana kuma ɗan karkata hagu. Da aka mayar da ita wurin aka sake zuba ruwa a kan goshin, mai gyaran yana kan tsani, sai ya ga abin da bai faru a titi ba. Duk ruwan goshin ya gangaro zuwa layin mahaɗa, ya bi layin ya nufi hagu, a kusurwar kuma ya ci karo da wani tudun tsohon silikon da aka lafta, ya taru a bayansa ya zama ɗan tafki mai zurfin da bai kai gaɓar yatsa ba, daidai kan ƙarshen damarar. Bayan kusan kwata na awa matar ta ƙwanƙwasa bango daga ciki. Wani siririn layi mai duhu ya ratsa hodar da ke kan katakon sama yana tafiya baya.

A Amurka wuraren gyara da yawa suna bin wata hanya: a sa fanka a tagar rufi ta hura iska cikin ɗakin, a fesa ruwan sabulu a waje, duk inda kumfa ta tashi akwai kafa. Hanya ce mai sauri, sai dai tana nuna kowace kafa, har da waɗanda ruwa ba ya bi, kuma ba za ta nuna rawar da gangarar ta taka ba.

Abin da aka tarar a ƙarƙashin damara

Da aka zare siririyar robar, kawunan sukurorin baya suna da haske, amma na gaban sun yi ja da tsatsa, wasu kuma suna juyawa a banza domin katakon da suke riƙe da shi ya zama gari. Ɗaya daga cikinsu da yatsu aka zaro shi, tsakiyarsa ta sirance kamar za ta karye. Danƙon da ke ƙarƙashin damarar, wanda ya kamata ya kasance mai laushi, ya bushe yana farfashewa.

Ba sakacin wani ne ya busar da shi ba, aikin shekaru ne. Alminiyam yana miƙewa da kamar milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka damara mai tsawon mita 5 tana motsi da kusan milimita 5 tsakanin daren hunturu da ranar zafi idan bambancin ya kai digiri 40. Katakon da ke ƙarƙashinta ba ya miƙewa haka, fayibar goshin ma nata motsin daban ne, ga kuma murɗawar da jikin motar ke yi a kan hanya. Kusurwar da ukun suka haɗu ita ce ta fi shan wahala. Sakacin yana wurin silikon. Wanda ya shafa shi ya ɗora shi ne a kan datti da tsohon danƙo, bai kama alminiyam ɗin sosai ba, ya ɗaga ta ƙasa, sai ya zama yana tare ruwa maimakon ya kore shi, yana kuma ɓoye tsagun daga idon mai dubawa. Sannan inda silikon ya taɓa zama, wani danƙo ba ya kamawa sai an kankare shi tas, abin da ya ci kusan rabin yini.

Gyaran

An fara da cire wutar waje da batirin ɗaki da rufe tukunyar gas, domin wayoyi suna bi ta cikin bangon da silin. An kwance kabad ɗin sama, aka fitar da tagar gaba ɗaya, aka ci gaba da yanke filawud daga ciki har sai da aka kai inda sukudireba ba ta nutsewa a katako kuma launinsa ya koma fari. Daga ciki aka yi aikin domin fallen alminiyam na waje idan ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Katakon sama ya ruɓe na fiye da mita ɗaya, na gefen tagar ya ruɓe duka, na ƙarƙashinta kuma rabi. An yanke kowannensu har an ɗan shiga lafiyayyen wuri.

Da aka haska fitila daga waje aka duba daga ciki, sai ga ƙananan huji kamar na allura a fallen alminiyam, inda jiƙaƙƙen katako da ƙusoshin ƙarfe suka daɗe suna manne da shi suna cinsa. An goge wuraren, aka manna guntayen alminiyam daga ciki da gam mai haɗi biyu. Ba don an duba ba, da an rufe bango a kan sababbin ƙofofin ruwa.

Daga nan sai jira. An rufe rufin da tamfol ba tare da an naɗe motar duka ba, aka sa na'urar tsotse laima da ƙaramar hita a ciki, ana auna katakon da ya rage lokaci-lokaci. Sai da ya sauka ƙasa da 15 aka ci gaba, kuma hakan ya ɗauki makonni. Dattijon ya ƙosa, amma rufe bango a kan katako mai danshi maimaita matsalar ce da hannun mai gyara.

Wajen zaɓen sabon katako an guji wanda aka jiƙa da maganin ruɓa mai ɗauke da tagulla, irin na shingen lambu, duk da cewa shi ne zai fara zuwa zuciya, domin tagullar tana cin alminiyam idan akwai danshi. An sa busasshen katako marar magani, aka sassaƙe bakin sabo da na tsoho a karkace domin su hau juna da faɗi, aka haɗa da gam na foliyuritan, aka cike ramukan da sabuwar kumfa, aka manna sabon filawud, aka tokare shi da sanduna daga ɗaya bangon har gam ya kama. Launin sabuwar ledar bai zo daidai da na tsohuwar ba, domin an daina yin irinta, kuma dattijon ya yarda da hakan.

A waje an cire damarar duka, ba gabanta kaɗai ba, domin danƙon da ya bushe a gaba shekarunsa ɗaya da na baya. An kankare tsohon da abin kankara na roba don kada a karce fenti, aka wanke da sinadarin narkar da maiƙo, aka bi da barasar goge ƙarfe. An toshe tsofaffin hujin sukurori, aka huda sababbi kusa da su inda katako ke da ƙarfi. Danƙo iri biyu aka yi amfani da su, kowanne da wurinsa. Ƙarƙashin damarar da firam ɗin tagar an shimfiɗa danƙon butil marar bushewa, domin waɗannan abubuwa ne da wata rana za a sake cirewa, kuma yana bin motsinsu ba ya tsagewa. A layin goshin, inda ake son riƙo na dindindin, an sa danƙo mai kamawa irin na Sikaflex, wanda danshin iska ke busar da shi kuma ba a shafa shi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 5, abin da ya sa aka jira rana mai ɗan ɗumi. An tsoma bakin kowane sabon sukuru marar tsatsa a danƙo kafin a ɗaura shi, aka ɗaure su daga tsakiya zuwa gefuna har danƙon ya ɓullo a tsawon damarar ba tare da yankewa ba, domin ɓullowar ce shaidar cewa babu gurbi a ƙarƙashi. Ba a matse su har ƙarshe ba, don matsewa fiye da kima tana korar danƙon ta bar ƙarfe a kan ƙarfe. A kusurwar an lallaɓe danƙon ya kwanta, yadda ruwan da ya biyo layin zai zube ta gefe.

Kuɗin kayan duka bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ladan aiki. Wannan ne ke sa masu irin waɗannan motoci da yawa su sayar da su a haka, domin idan ruɓar ta kai daɓe ko ta zagaye bango biyu, ladan gyara yana iya haura darajar motar. A wannan karon ruɓar ba ta kai daɓe ba, injin kuma lafiya lau, shi ya sa gyaran ya cancanta.

Bayan gyara

An maimaita gwajin mesa a kan gangarar, kafin a mayar da kabad, kuma hodar ba ta nuna komai ba. Bayan wata uku da ruwan sama mai yawa an sake aunawa a wuraren da aka auna da farko, bangon hagu duka yana ƙasa da 15. Danshin ƙasan katifar sama ya ragu bayan an buɗe ramukan iska an kuma sa shimfiɗa mai raga a ƙarƙashinta, ko da yake kusurwoyin goshin suna yin raɓa a daren sanyi idan an kwana a ciki. Dattijon yana zubar da ruwan tanki da na tukunyar dumama ruwa kafin hunturu, yana barin famfuna a buɗe, yana kuma ɗora tayoyin baya a kan matakala domin motar ta daidaita a mazauninta.

Wuri ɗaya ya rage. A kusurwar baya ta dama, kusa da inda aka ɗaure tsanin hawa rufi, na'urar tana nuna tsakanin 15 da 20, bangon bai lotsa ba kuma babu tabo. Damarar dama ba a taɓa ta ba, danƙonta kuma sa'an wanda aka cire ne. An rubuta lambar da kwanan wata a cikin kabad ɗin da ke wurin, aka tsayar da cewa za a kwance damarar da ƙafafun tsanin a sake musu danƙo idan lokacin zafi ya shigo, ko kafin nan idan lambar ta haura 20.